Kogon da Mai Zane Ya Shafe

Rana ta riga ta faɗa bayan katanga, amma haskenta bai gama janyewa daga tsakar gidan ba. Mai Zane yana tsugune a bakin rariya yana wanke buroshinsa cikin gwangwanin kananzir, yana ta tsaki shi kaɗai kamar yadda ya saba idan aiki ya ƙi shi. Maiɗakinsa tana ƙofar madafa tana fifita wuta. 'Yarsu ɗaya tilo, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tana kwashe shanya daga igiya tana ɗorawa a kafaɗa. Kyanwar gidan ta miƙe a kan benci tana barcinta.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi, ta gangaro a hankali, ta dira a gaban Mai Zane.

"Yaran makwabta," in ji shi, ko ɗaga kai bai yi ba. "Wata rana sai na kama ɗaya na shafe masa fuska da jan fenti."

Wata ta sake faɗowa, wata ta biyo ta. Maiɗakin ta ajiye mafici, ta sunkuya ta ɗauki guda, ta juya ta a tafin hannu. Tsakuwar sumul take, kuma a jiƙe, da ɗan gansakuka a gefenta, tana ƙarnin ruwan rafi. Babu rafi a unguwar, rabon da a ga ruwan sama kuwa an daɗe.

Kyanwar ta tashi tsaye, gashin bayanta ya mimmiƙe, ta kafa wa ƙofar ɗakin zane ido. Daga cikin ɗakin, inda babu kowa, suka ji ƙwanƙwasa a jikin katako. Ba da ƙarfi ake yi ba. Irin ƙwanƙwasar mutumin da ya daɗe yana yi har hannunsa ya gaji ce.

"Baban Mama," maiɗakin ta faɗa da ƙaramar murya, "wa ka rufe a ciki?"

Ya je ya buɗe ƙofar, ya kunna fitila. Gwangwanayen fenti suna nan a jere, tsummokara suna rataye a ƙusa, babban falankin da yake aiki a kai yana jingine da bango. Ya leƙa bayansa, ya ce gara ce ko ɓera. Da ya juyo sai ya ga yarinyar tsaye a bakin ƙofa, shanyar ta zube a ƙasa, tana kallon zanen ba ta ƙiftawa. A daidai lokacin aka kira sallar magariba.

Sana'ar mutumin nan ita ce zane a bayan manyan motoci. Tun yana saurayi yake zana zaki da gaggafa da ɗawisu a jikin bodi, domin su direbobi ke so, kuma kowane direba so yake zakinsa ya fi na ɗan'uwansa buɗe baki. Shi kuwa bai taɓa ganin zaki ba. Kyanwarsa yake kallo idan tana hamma, ya ƙara mata geza da haƙora. Ƙanin maiɗakinsa, wanda direban babbar mota ne kuma yarinyar ke kira Kawu, ba ya gajiya da tsokanarsa a kan haka. Yakan ce duk zakunan da ke kan hanya idan aka miƙa musu madara za su sha. Mai Zane yakan yi dariya, amma maganar tana cinsa, don ya san gaskiya ce.

Shi ya sa idan aiki ya yi sauƙi yakan ɗauki alli da gawayi da 'yan takardu, ya haye gefen Kawu, ya bi shi duk inda kaya suka nufa. Ido yake zuwa ciyarwa. Ya ga yadda raƙumi ke naɗe ƙafa kafin ya durƙusa, da yadda inuwar gajimare ke tafiya a kan gona, da kalar da ruwa ke yi idan shanu sun gama sha. Yakan dawo da kai cike, ya zauna gaban katako, abin ya ƙi fitowa. Da ya ga bai yi ba sai ya tsoma babban buroshi ya shafe, ya sake. Akwai falankin da ya sha shafa har ya yi nauyin da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

A wata tafiya motar Kawu ta lalace a kusa da wani rafi, suka yini a wurin. Akwai wani tsohon baure a bakin ruwan, saiwoyinsa sun fito waje sun rungume duwatsu, ga wani baƙin kogo a gindinsa. Da yamma ta yi balbelu suka riƙa zuwa suna sauka a rassansa har ya yi fari fat. Kawu yana ƙarƙashin mota yana zagin injin, Mai Zane kuwa yana zaune a kan dutse yana zana bishiyar reshe bayan reshe, bai san rana ta faɗi ba.

Wannan karon abin ya fito. Da ya dawo gida ya ɗora bauren a kan babban falanki, kuma hannunsa bai yi masa gardama ba. Ana cikin haka Kawu ya dawo daga wata tafiya ya ce ai bauren nan babu shi, masu faɗaɗa hanya sun tumɓuke shi da katafila. Daga makon nan zanen ya ƙara wani irin kyau da shi kansa mai yin bai san inda ya fito ba. Wanda ya shigo ɗakin sai ya rage murya. Wani makwabci ya rantse ya ga balbela ɗaya ta gyara tsayuwa. A duk rayuwarsa Mai Zane bai taɓa yin abin da ya kalla ya ji bai ji kunya ba sai wannan.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, kogon nan. Duk wanda ya kalli zanen, can idonsa ke fara faɗawa, ya bar balbelun da aka sha wahala a kansu. Ya rage masa duhu, bai yi ba. Ya matse shi, bai yi ba. A ranar da tsakuwar farko ta faɗo, da la'asar, haushi ya ɗebe shi ya haɗa kalar ɓawon itace ya shafe kogon gaba ɗaya, ya zana saiwa a kan wurin. Gindin bauren ya yi sumul kamar ba a taɓa yin rami a jikinsa ba.

Tun daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana lafiya lau, kaji na kiwo, rediyon makwabta na magana. Amma da inuwar katanga ta kai bakin rariya sai gidan ya yi tsit, tsakuwa ta fara sauka, ƙwanƙwasar ta biyo baya. Wani lokaci akan ji tari a ƙarƙashinta, tarin tsohuwa, can nesa kamar daga cikin rijiya. Maiɗakin ta riƙa share tsakuwoyin tana tarawa a tsohon bokiti har ya cika, ta rasa inda za ta zubar da su ba tare da makwabta sun tambaya ba.

Yarinyar ta daina surutu, ita da a da sai an ce ta yi shiru. Ta daina cin abinci sai an matsa mata. Wata safiya Mai Zane ya tarar an karce gindin bauren, ya ɗora wa kyanwa laifi, ya kore ta da takalmi, ya gyara wurin. Washegari ya sake tarar da karcen. Da suka zauna karyawa ya ga fenti a ƙarƙashin faratan 'yarsa, kan yatsunta duk sun sassale.

"Mamana, me na yi miki? Aikin da kika san na fi so a duniya?"

Ta dube shi kamar ba ta gane harshen ba. "Ban sani ba, Baba. Ji nake kamar numfashina zai ɗauke."

Ya sa wa ɗakin kwado, ya zuba makullin a aljihu. Aka kai ta asibiti aka auna, aka ce jininta lafiya, a ba ta hutu. Ta dawo gida ta zauna a ƙofar ɗakin zane, ta jingina goshi da ƙyauren, ta yini a haka.

"Ka fitar da katakon nan daga gidan nan," in ji maiɗakin. "Ni ban san zane ba, amma na san tun da ka taɓa shi ranar nan ba mu sake ganin daidai ba."

"Katako ne da fenti. Ni na sayo su da hannuna."

"To ka mayar da su da hannunka."

"Ke ba ki san abin da kike cewa ba. Shekara nawa ina zana kyanwa ina kiranta zaki? Sau ɗaya Allah ya ba ni abu na gaske, shi ne za ki ce in jefar a bola?"

Ta dube shi, ta dubi yarinyar da ke jingine da ƙyaure, ta koma madafa. Shi kuma ya fita tasha, ya yini yana zana gaggafa a bayan wata mota, fuka-fukin ya karkace, ya shafe ya sake har mai motar ya gaji ya tafi cin abinci.

A yammacin da abin ya kai maƙura, yarinyar ta miƙe daga ƙofar ɗakin ta kama kwadon da hannu ɗaya ta murɗe shi kamar ɗanyen kara. Uwarta ta riƙo ta, ta watsar da ita gefe. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ta namiji ce, mai kauri, a shaƙe.

"Ku buɗe," in ji muryar. "Ku buɗe mata."

Kawu, wanda ya zo gaisuwa ya tarar da wannan, bai tsaya neman izinin kowa ba. Ya juya da gudu, takalminsa ɗaya ya bari a zaure.

Malamin da ya zo da shi dattijo ne siriri, mai magana a hankali, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ya yi sallama, ya nemi ruwa ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin zane. Ya daɗe yana kallon falankin kafin ya zauna. Aka zaunar da yarinyar a gabansa, uwarta ta rufa mata mayafi ta riƙe kafaɗunta. Duhu ya fara taruwa a kusurwoyin gidan. Tsakuwa ta faɗo a gefen tabarmar, Malam ya ɗauke ta ya ajiye a gefe kamar wanda aka miƙo wa goro, ya fara karatu.

Ya yi nisa kafin jikin yarinyar ya fara rawa. Kanta ya sunkuya, hannayenta suka dafe ƙasa, numfashinta ya koma gurnani.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ban zo da faɗa ba," in ji muryar nan mai kauri.

"Wane ne kai, kuma me ya haɗa ka da yarinyar mutane?"

"Mu mazauna bauren bakin rafi ne. Kakannina a cikinsa suka zauna. Aka zo da ƙarfe aka tumɓuke shi rana tsaka, muka kwana a fili, ni da iyalina da tsohuwata da ba ta gani. Muka yi ta yawo muna neman inda ya yi kama da gida, ba mu samu ba sai a ɗakin wannan mutumin. Komai yana nan yadda yake, har reshen da ya karye. Muka shiga muka zauna. Ba mu taɓa masa ko tsinke ba."

"To jifan fa?"

"Shi za ka tambaya." Kan yarinyar ya juyo wajen ubanta a hankali, idanun ba nata ba. "Mun fita da la'asar, muka bar tsohuwa a ciki tana barci. Muka dawo babu ƙofa. Ya shafe ta. Tana ciki tana bugawa, muna waje muna ji. Na yi jifa, ya ce yara ne. Na ari hannun 'yarsa na karce, ya sake liƙewa, ya ƙara da kwado. Kai mai zane, wa ya ce maka ramin nan ado ne? Ƙofa ce."

Mai Zane ya buɗe baki. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne, "Yana janye ido daga tsuntsayen."

Kawu ya dafe kai. Malam bai ko dube shi ba.

"An zalunce ku, na ji," in ji Malam. "Amma yarinyar nan ba ita ta tumɓuke bishiya ba, ba ita ta riƙe buroshi ba. Kai da kake kukan an rufe tsohuwarka, ga shi ka rufe 'yar wani a cikin jikinta. Za a buɗe ƙofar, ka sake ta."

"A buɗe, mu ci gaba da zamanmu a ɗakin. Ba za a sake jin motsinmu ba. Zanen ma zai ƙara kyau, shi ya sani."

"A'a. Gidan nan na mutane ne. Yau ƙofa ce, gobe wani abin ne zai haɗa ku."

"To ina za mu? Ka san wani bauren?"

Malam ya juya ga Kawu ya tambaye shi ko wani abu ya saura a wurin. Kawu ya ce rafin yana nan, kuma can ƙasa da sabuwar hanya akwai duwatsu da 'yan bishiyoyi inda mota ba ta zuwa.

"Za a kai muku katakon can, a jingine shi inda ruwan sama ba zai taɓa shi da wuri ba. Kafin ya ruɓe kun sami wani wurin. Ba za ku sake waiwayar gidan nan ba, kai da duk naka."

Muryar ta yi gurnani, ta ce katako ba ya daɗewa. Malam ya ɗaga murya ya koma karatu, sai ta ce ta yarda, ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Kada mai zanen ya sake zana bauren nan, ko a takarda ko a bango, domin idan gida ya zama biyu yara za su ɓata hanya su dawo nan.

"Ka ji," Malam ya ce da Mai Zane. "Ɗauko abin kankarewarka."

Ya ɗauko wuƙar kankare fenti ya durƙusa a gaban falankin. Balbelun suna nan fari fat a hasken fitila, ruwan yana sheƙi a tsakanin saiwoyi. Ya ɗora bakin wuƙar a gindin bauren, sai hannunsa ya tsaya. Tsayawar ba ta fi ta numfashi ɗaya ba, amma maiɗakinsa ta gani, shi ma ya san ta gani.

"Baban Mama," ta ce.

Ya kankare. Fentin ya riƙa zubowa a kan gwiwarsa, saiwar ƙaryar da ya zana ta tafi, baƙin kogon ya fito. Wata iska mai sanyi ta huro daga jikin katakon, mai ƙarnin rafi da warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, har harshen fitilar ya kwanta. Suka ji tarin tsohuwa a kusa, a cikin ɗakin, sannan wata doguwar ajiyar zuciya.

"Ta fito," in ji muryar, kuma yanzu a sanyaye take. "Malam, na riƙe alkawari. Kai kuma mai zane, hannunka yana da kyau. Ba ka dai san abin da kake kallo ba."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta faɗa kan uwarta. Can ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Uwar ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Da gari ya waye suka naɗe falankin da tsohon bargo suka ɗora a motar Kawu, tare da bokitin tsakuwa da takardun da ya fara zana bauren a kansu. Duk tsawon hanyar Kawu bai tsokani Mai Zane ba. Suka gangara ƙasa da sabuwar hanya, suka jingine shi a ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, fuskarsa tana kallon ruwa, suka juye tsakuwar a rafi. Da suka hau gangaren ya waiwaya sau ɗaya. Wata balbela ta gaske ta sauka a kan dutsen tana leƙen 'yan'uwanta na fenti. Ba shi da alli a aljihu, ko da yana da shi ma an hana shi.

Gidan ya koma yadda yake. Magariba ta riƙa zuwa tana wucewa ba a jin komai sai kiran salla da ƙarar tukunya. Yarinyar ta murmure, surutunta ya dawo, yatsunta suka warke. Maiɗakin ba ta taɓa tayar da maganar tsayawar hannun nan ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. A bangon ɗakin zane an bar wani fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran bangon haske, yakan tsinci kansa yana kallonsa da buroshi a hannu har fentin ya bushe.

Wata yamma yana wanke buroshi a bakin rariya, yarinyar ta zo ta tsuguna kusa da shi tana taya shi matse tsumma.

"Baba, ka san lokacin nan na shiga cikin kogon?"

Hannunsa ya tsaya a cikin kananzir. "Kin shiga? Me kika gani?"

"Ba duhu ba ne kamar yadda ka zana. Daga ciki ana ganin bishiyar duka har sama, haske yana biyo rassan yana saukowa. Tsuntsayen ma daga ƙasa ake ganinsu, rana tana ratsa fuka-fukansu."

"Hasken wace kala ce? Mamana, ki tuna da kyau. Ruwan ƙwai? Kore? Ja-ja?"

Ta tashi ta shiga ɗakin zane, ya bi ta har yana tuntuɓe da gwangwani. Ta riƙa buɗe murafen fentin ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa, shi kuma yana tsaye a bayanta ya riƙe numfashi. Da ta kai na ƙarshe ta mayar da murfin, ta goge hannu a zaninta.

"Babu ita a cikin gwangwanayenka, Baba."

Uwarta ta kira ta daga madafa, ta fita da gudu. Ya daɗe a tsaye a wurin. Washegari akwai motar da ke jiransa a tasha, mai ita ya ce zaki yake so, babba, mai buɗaɗɗen baki. Mai Zane ya jawo benci, ya zauna gaban kyanwar, yana jira ta yi hamma.